Fara kiwon zuma a Yamai, ba wuta ba magani

Assalamu alaikum jama'a. Wannan akwatin da kuke gani a gindin mangwaro, cikin wata garka a hayin kogin Isa, amya ce. Ku ɗan kasa kunne. Kun ji wannan rurin? Zuma ce take fifita da fukafukanta tana sanyaya ɗakinta. A can ciki, inda ƙwai da 'ya'ya suke, zafi ba ya son ya wuce digiri 35, ko da rana tana dukan Yamai da 43 a watan Afrilu. Duk mai son fara kiwon zuma a garin nan, da wannan zafin zai fara lissafi, tun kafin ya sayi katako.

Amyata ta farko na ajiye ta a fili, na rufe ta da guntun kwano don kada ruwa ya shiga. Zuma ta shiga, ta yi saƙa har bakwai, ina ta murna. Da bazara ta kama, wata la'asar na zo na tarar ruwan zuma yana ɗiga ta ƙofar amya, tururuwa ta yi layi a ƙasa. Na ɗaga murfi. Saƙar ta yi laushi ta tsinke daga sandar da take rataye a jiki, ta faɗo ta danne 'ya'yan, fararen tsutsotsi suna iyo a cikin zuma. Kwana biyu bayan nan ba ko ƙuda ɗaya. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don laifina ne.

Zumarmu ta yammacin Afirka, wadda masana ke kira adansoni, ba irin ta Turai ba ce da kuke gani a intanet mutum yana buɗe amya hannu tsirara. Tamu tana da zafin rai, kuma ba ta zaman haƙuri: in wuri bai yi mata ba, sai ta kwashe ta tashi gaba ɗaya. Amma tana da ƙarfin jiki. Ƙwaron nan da ake kira barowa, mai tsotson ƙudan zuma, wanda ya sa masu kiwo a Faransa da Amurka suke zuba magani a cikin amya, tamu tana jure shi da kanta. Saboda haka kiwo ba tare da magani ba, a wurinmu abu ne mai sauƙi. Abin da take nema a hannunka shi ne inuwa, ruwa, da kwanciyar hankali.

Maganar wuri. Na san da yawa kuna cewa a bayan gida za ku sa. In gidanka a tsakiyar unguwa yake, katanga da katanga da maƙwabta, yara na wasa a lungu, don Allah kada ka sa. Ga zaƙi ga harbi, in ji masu iya magana, kuma harbin ba a kanka kaɗai zai tsaya ba. Akuya ko jakin da ke ɗaure a turke ba shi da hanyar gudu, zuma tana iya kashe shi. Ni ba na ajiye amya kusa da gidan mutane ko hanyar wucewa da ƙasa da mita 100. Nemi garka a gefen gari, ko babban fili da ke da shinge. Shingen zana ko na itatuwa mai tsawon mita 2 a gaban ƙofar amya yana sa ƙudan su tashi sama, su wuce bisa kan mutane. Kuma ka je ka gaida mai garkar da ke kusa da kai, ka gaya masa. Ka roƙe shi in zai yi feshin kabeji ko tumatir ya bari sai yamma, bayan zuma ta koma gida. Ƙudan zuma yana tafiyar kilomita 2 zuwa 3 neman fure, feshin da ba kai ka yi ba yana iya ƙarar maka da amya. Fiya-fiya kuwa, ko kwalbarsa kada ta kusanci wurin.

Ku dubi wannan kaskon. Ruwa ne, na jera tsakuwa da karare a ciki don ƙudan su sami wurin sauka kada su nutse. A lokacin bazara suna ɗibar ruwan su kai ciki, su shafa a saƙa, su yi ta fifita har ya bushe, da haka ɗakin ke yin sanyi. In ba ka ba su ba, randar maƙwabta za su je, daga nan rigima take farawa. Kullum a cika shi, ko ranar sallah.

Yanzu ita amyar. Kakanninmu suna saƙa ta da ciyawa, su shafe da kashin shanu, su rataye a bisa itace, kuma har gobe ana samun zuma mai kyau da ita a wajajen Makalondi da Gaya. Matsalarta ba a iya duba ciki sai an ɓarke saƙa. Ga mai farawa, na fi son wannan doguwar mai sanduna, wadda ake kira amyar Kenya, don can aka fara yaɗa ta a shekarun 1970. Kowane kafinta zai iya yin ta da katakon da za ka samu a kasuwar Katako. Sama faɗi, ƙasa tsukakke, kamar kwale-kwale. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: faɗin kowace sanda santimita 3.2. Ka tsaya a kan kafinta da ma'auni a hannu. In ya ƙara ko ya rage, zuma za ta gina saƙa a karkace ta haɗe sanda biyu ko uku, ka rasa yadda za ka ɗaga. Kada a shafa fenti a ciki. A saman murfi ka ɗora zana ko bunu mai kauri, ko da a inuwa take.

Ba sai ka sayi ƙuda ba. Narkar da kakin zuma na gaske, ka zuba siririn layi a tsakiyar kowace sanda daga ƙasa, nan za su fara gini. Ka goga sauran a bangon ciki, tare da ɗanyen ganyen sitaronel, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake dafawa a shayi. Ƙamshinta ya yi kama da wanda ƙudan ke fitarwa suna kiran 'yan uwansu. Ka kafa amya a ƙarshen damina, lokacin da fure ya yi yawa, zuma na rabuwa tana neman sabon gida. Wani ya samu cikin mako biyu, wani sai ya yi wata uku. Shi ya sa nake cewa a fara da amya biyu.

Su kuwa maƙiya, tururuwa ce gaba. Ƙafafun teburin nan da amya take kai kowace tana cikin gwangwanin ruwa, na kewaye da toka, kuma ba na barin ciyawa ko reshe ya taɓa akwati ya zama musu gada. Akwai tsutsar da ke cin kaki, amma amya mai ƙarfi tana korar ta, sai wadda ta yi rauni take kamawa. Ƙadangare ma yana zama a bakin ƙofa yana lashe su ɗaya-ɗaya, don haka kada a bar masa wurin zama.

Abincinsu Allah Ya shimfiɗa: gawo yana fure bayan damina lokacin da sauran itatuwa ke zubar da ganye, ga bagaruwa, magarya, aduwa, ga mangwaro da sanyi, ga dogon yaro da ya cika Yamai. In kana da wuri, shuka zogale.

Ɗiban zuma shi ne inda aka fi yin ɓarna. An saba zuwa da dare da bakin wuta, a ƙone ƙuda, a kwashe komai har 'ya'ya, a matse tare. Shi ya sa wata zumar take warin hayaƙi, ta yi tsami bayan 'yan makonni. Mu hayaƙi mai sanyi muke so, na busasshen kashin shanu ko totuwar masara, ba leda ba roba. Ka zo gab da magariba, ka rufe fuskarka da raga, wando cikin safa, ba turare a jikinka. Busa hayaƙi kaɗan a ƙofa, ka jira minti biyu. Ka fara buɗewa daga baya, nesa da ƙofa, can zuma take. Ka ɗaga sanda a tsaye, kada ka kwantar da ita, saƙar za ta karye.

Kun ga wannan saƙar? Ramukan duk an toshe su da farin kaki. Wannan ta nuna, ruwan da ke cikinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, za ta daɗe ba ta lalace ba. Wannan kuma mai murfi ruwan ƙasa, 'ya'ya ne a ciki, a mayar da ita inda take. Ka yanke ta farkon, ka bar kamar faɗin yatsa a jikin sanda don su ci gaba daga nan. Kada ka kwashe duka, ka bar musu saƙa biyu ko uku na zuma, su ma da ita za su ci lokacin da fure ya yanke.

In an harbe ka, ka kankare ƙarin da farce, ka busa hayaƙi a wurin don warinsa yana kiran sauran. In kuwa ka ga mutum fuska da wuya na kumbura, numfashi na sarƙewa, a kai shi asibiti nan take. Iyaye mata kuma, jaririn da bai cika shekara 1 ba kada a lasa masa zuma, komai kyanta.

A gida, ka farfasa saƙar a cikin tsabtataccen ƙyalle bisa bokiti mai murfi, ka bar ta ta tsiyaye da kanta kwana ɗaya ko biyu, ba a ɗora ta a wuta. Kakin da ya rage a ƙyallen kada ka zubar. Wanke shi, ka narkar, ka ajiye, da shi za ka shafa sandunan amya ta gaba.