Masana'antar cip ta yi ƙaura, ƙwararrun fa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Wayar da ke aljihunku da motar da kuke hawa duk suna aiki ne da wata 'yar mitsitsiyar ƙwaƙwalwar lantarki da ake kira cip. Mafi inganci daga cikinsu kuwa, kusan duka kamfanin TSMC ne ke ƙera su a tsibirin Taiwan, tsibirin da China ke cewa nata ne. Shi ya sa hankalin Amurka ya ƙi kwanciya. A 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta ware kusan dala biliyan 52 domin jawo wannan sana'a gida. TSMC kuma, da ya fara da alƙawarin dala biliyan 12 a jihar Arizona a 2020, ya kai shi biliyan 165 a watan Maris na 2025.

Kuɗi dai sun samu. Amma a Yulin 2023 kamfanin ya fito ya ce zai jinkirta fara aiki, don ya rasa isassun ƙwararrun da za su girka injinan. Sai ya nemi kawo ma'aikata daga Taiwan, ƙungiyoyin ƙwadago na Arizona suka yi masa ca, suna cewa ai don 'ya'yansu aka zuba kuɗin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1987 da Morris Chang ya kafa TSMC, Taiwan take renon injiniyoyi da ƙananan kamfanonin da ke kawo sinadarai da kayan gyara, duk a maƙwabtaka. Wannan ba ya shiga jirgin ruwa.

Aikin da ke ƙaura cikin sauƙi shi ne na harhaɗa waya, kuma inda lada ke da araha yake nufa. Samsung ya rufe masana'antar wayarsa ta ƙarshe a China a 2019, ya ƙara kafuwa a Vietnam. Foxconn, wani kamfanin Taiwan, na harhaɗa iPhone a jihar Tamil Nadu ta Indiya.

Ni dai duk lokacin da ɗan siyasa ya ambaci dubban guraben aiki, jihar Wisconsin ta Amurka nake tunawa. A 2017 Foxconn ya yi alƙawarin zuba dala biliyan 10 a can da ɗaukar mutum 13,000. Donald Trump da kansa ya je ya riƙe shebur wajen aza harsashi a 2018, har ya kira wurin abin al'ajabi na takwas a duniya. An tashi mutane daga gidajensu a garin Mount Pleasant, inda za a gina masana'antar, an shimfiɗa hanyoyi da kuɗin masu biyan haraji. Da aka sake yarjejeniya a 2021, jarin ya koma dala miliyan 672, guraben aiki kuma 1,454. Daga baya Microsoft ya sayi wani ɓangare na filin, ya kama gina rumbun adana bayanai.