Amsoshin Tambayoyinku: Birnin Koblenz da Kogunansa Biyu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Wani bawan Allah daga Damagaram ya rubuto yana cewa: ku ba ni tarihin Koblenz, kuma me ya sa ake cewa in koginsa ya janye har man fetur kan yi tsada a Jamus?

To, Malam, Koblenz na yammacin Jamus ne, a jihar Rhineland-Palatinate, da mutane sama da 110,000. A nan kogin Mosel da ya taso daga Faransa yake zubawa cikin kogin Rhine, kamar dai haɗuwar Binuwai da Kwara a Lakwaja. Wanda ya riƙe mahaɗar ya riƙe hanyoyin ruwa biyu, shi ya sa Romawa suka kafa sansani a wurin shekaru kusan 2,000 da suka wuce. Faransawa sun ci garin a 1794, ya koma hannun masarautar Prusiya ta Jamusawa a 1815, su kuma suka gina sansanin Ehrenbreitstein a kan dutse, mita 118 sama da kogin, daga 1817 zuwa 1828. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rusa mafi yawan garin.

Batun mai kuwa, asalinsa ba a cikin Koblenz yake ba. Wajen kilomita 45 kafin ruwan Rhine ya iso garin, akwai garin Kaub, inda Rhine ke ratsa duwatsu, ga ƙarancin zurfi. Ma'aunin ruwan Kaub matuƙan jiragen ruwan dakon kaya, har da masu dakon mai, ke dubawa kafin su yi lodi. A nan mutane kan ruɗe: lambar da ma'aunin ya nuna ba ita ce zurfin ruwan ba, sai an ƙara mata mita ɗaya da ɗoriya. A Oktoban 2018 ta sauka zuwa santimita 25. Jirgi in ya cika zai gogi ƙasa, dole aka rage lodi, wasu da ƙyar suke ɗaukar sulusin kayansu. Kuɗin dako ya tashi, mai ya yi ƙaranci a wasu gidajen mai, har gwamnati ta buɗe rumbunta na ajiyar mai.

Ambaliya kuma da hunturu take zuwa, idan cikar Mosel ta yi karo da ta Rhine. A Disambar 1993 ma'aunin Koblenz ya haura mita 9, ruwa ya shiga unguwannin bakin kogi.