Ku Kalli Yaɓen Kafin Ku Kalli Hoton: Lacca kan Villa Farnesina

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abubuwa huɗu zan taɓo a kan gidan nan, Villa Farnesina, da ke unguwar Trastevere a bakin kogin Tiber, birnin Roma.

Na farko, mai gida. Agostino Chigi, attajiri ɗan Siena, mai ba Paparoma bashi. A 1506 ya sa Baldassare Peruzzi ya fara gina masa shi. Dangin Farnese sun saye shi a 1579, sunansu ne ya bi gidan. Shi ke nan tarihi, mu je ga bango.

Na biyu, kuma wallahi don shi na zo, yadda ake zanen da ake kira fresco. Mutane suna shiga ɗakin Galatea, su ɗaga waya, su ɗauki hoton zanen Galatea ɗin, wata aljanar ruwa ta tatsuniyar Girkawa, aikin mai zane Raphael na wajen 1512, su fice. Ku kada ku yi haka. Ku matsa gefe, ku kalli bangon a karkace inda haske ke shafarsa. Za ku ga wasu siraran layuka suna bin gefen kafaɗa ko gefen gajimare. Kowane layi iyakar aikin yini ɗaya ne, giornata suke ce masa.

Ga dalili. Ana ƙona dutsen farar ƙasa, a jiƙa shi a rami watanni har ya yi laushi. Yaɓen farko mai kaushi ne, yashi kashi biyu, farar ƙasa kashi ɗaya. Ya bushe. Da safe sai magini ya shafa yaɓe na biyu, siriri, iya wurin da mai zane zai gama ranar. Iya wurin kawai! Sai a kawo takardar da aka zana hoton a kai, an huda layukanta da allura, a buga mata ƙullin garin gawayi, ɗigo-ɗigo su fito a jikin ɗanyen yaɓe. Launin kuwa da ruwa zalla ake dama shi, babu ƙaro, babu mai. Yayin da farar ƙasa ke shan iska tana komawa dutse, sai ta kulle launin a cikinta. Maginanmu na Zariya da Kano sun san wannan gaggawar, domin adon bango tun yaɓe na ɗanye ake fitar da shi.

Awa shida zuwa takwas, bango ya daina sha. Abin da ya rage ba a zana ba, a kankare shi, gobe a sake. In hannu ya kuskure, babu gogewa, sai sara. Na ce babu gogewa.

To me ke lalacewa? Wasu launuka ba sa jituwa da farar ƙasa. Shuɗin azurite, alal misali, sai bango ya bushe ake shafa shi da abin ɗanko, shi ya sa shi ne ke fara zubewa. Farin dalma kuma baƙi yake komawa. Sai danshi, ya jawo gishiri daga cikin bango ya tura yaɓen waje. A 2020 masu bincike suka bayyana cewa shuɗin sama da teku na Galatea shuɗin Masar ne, irin na zamanin da, wanda aka ɗauka an daɗe da manta haɗinsa. Ku tsaya ku dubi shuɗin nan da kyau.

Na uku... ko na huɗu ne? Lokaci ya tafi. Ku hau bene. Akwai zauren da Peruzzi ya zana wa ginshiƙai har ka rantse baranda ce kake hango Roma ta cikinta. Ku yi ta matsawa har ku sami inda layukan suka daidaita. Tsakanin ginshiƙan akwai rubuce-rubucen sojojin haya na Jamus da suka wawashe Roma a 1527. Kusa da shi ɗakin kwana, inda mai zane Sodoma ya zana auren Sarki Iskandar Mai Girma da Roksana. Ku duba lokacin buɗewa kafin ku fita, kuma wanda ke da ciwon wuya ya riƙe ɗan madubi, don rabin aikin a rufi yake.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya, wanda ba ya son kallon surorin mutane marasa sutura, akwai abin da zai gani? Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya akwai irin waɗannan surori da yawa, gara a sani tun daga gida. Amma Hajiya, ki shiga barandar da aka zana tatsuniyar Psyche a rufinta a 1518, ki bar tsakiyar, ki bi kewayen ganyaye da 'ya'yan itatuwa da wani mai zane, Giovanni da Udine, ya zana. Tsirrai iri wajen 170 ne. Akwai kankana, akwai duma, akwai kabewa. Akwai masara, ƙasa da shekara talatin bayan jiragen Columbus sun isa Amurka a 1492, tana cikin hotunanta na farko a Turai. Manomi zai iya yin awa guda a wurin yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata tambayar? Malam mai farar hula, bismillah.