Me ya sa Hassan ke riga Husaini tsufa?

Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro. Saƙonninku sun yi ta shigowa kan tagwaye masu kama ɗaya, inda za a ga furfura ta rufe kan ɗaya yana fama da hawan jini, ɗan'uwansa kuwa garau. Malam Bashir, akasarinsu sun ɗora abin a kan cima da wahalar rayuwa.

Bashir: Suna da gaskiya, Malama, domin binciken da aka yi a Denmak kan tagwayen da aka haifa tsakanin 1870 da 1900 ya nuna gado na da alhakin kusan kashi 25 cikin 100 ne kawai na bambancin tsawon rai. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wata ƙaramar tsutsa mai suna C. elegans, wadda tsawonta milimita ɗaya ne, rayuwarta kuma mako 2 zuwa 3. Ita ke yi wa kanta barbara, don haka 'ya'yanta ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne, a faranti ɗaya ake kiwonsu, abinci ɗaya, ɗumi ɗaya, duk da haka wata ta mutu da wuri, wata ta ninka kwanakinta.

Hadiza: Ke nan a nan ba za a ce cima ba ce.

Bashir: Ko kaɗan. A 2005, a Jami'ar Kolorado, ɗakin binciken Thomas Johnson ya haɗa ƙwayar gadon hsp-16.2, mai kare jiki daga zafi, da wani sinadari mai sheƙin kore, ta yadda ƙarfin sheƙin ke nuna yawan aikin da ƙwayar ke yi a jikin tsutsar. Suka ɗan gasa wa tsutsotsin zafi a ranar farko ta balagarsu, suka ware su, sai waɗanda suka fi sheƙi suka fi daɗewa a duniya. Ki lura, tun suna da ƙuruciya hanya ta rabu, saboda yawan aikin da ƙwayar gado ke yi ya bambanta daga jiki zuwa jiki. Wannan, a ganina, bai kamata likitanci ya raina shi ba.

Hadiza: To, a ɗan Adam fa?

Bashir: A shekarar ce Manel Esteller da abokan aikinsa a Madrid suka duba alamomin da ke kunna ƙwayoyin gado da kashe su. Na tagwaye 'yan shekara 3 kusan iri ɗaya ne, na 'yan shekara 50 kuwa sun yi hannun riga.

Hadiza: Lokaci ya ci mu, Malam. Sauran bayani sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.