Fodkas: Faɗan da aka yi da waƙa a Meziko

Sani: Masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau Binta ta ja mu har Meziko, fim baƙi da fari na 1953, Dos tipos de cuidado. Binta, me ya kai ki?

Binta: Yaya Sani, manya biyu ne suka haɗu. Jorge Negrete da Pedro Infante, su ne zakarun ranchera, wato waƙar gargajiya ta karkarar Meziko, a lokacin, kuma wannan ne kaɗai fim ɗin da suka jagoranta tare. Ismael Rodríguez ya ba da umarni.

Sani: Zakaru biyu a akurki ɗaya.

Binta: Ai kuwa. Aminai ne a labarin. Jorge na son Rosario, Pedro na neman ƙanwar Jorge. Jorge ya yi tafiya, dawowar da zai yi ya tarar Pedro ya auri Rosario.

Sani: Kai! Cin amana.

Binta: Haka kowa ya ɗauka. Sunayensu ma tarko ne: Jorge Bueno, wato nagari, da Pedro Malo, wato mugu. Ashe wani ne ya keta wa yarinyar haddi ta samu ciki, Pedro ya aure ta don rufa mata asiri, ya yi gum, gari na zaginsa.

Sani: Ni abin da ya tsaya mini shi ne wurin da su biyun suka haɗu a wani shagali. Na zaci bindiga za a zaro, sai makaɗa suka tashi. Wannan ya jefa baiti, wancan ya rama, ana murmushi amma kowace kalma da ƙaya. Habaici ne tsantsa, irin na kishiyoyi a gidan biki.

Binta: Kuma muryoyin ba ɗaya ba. Negrete ya koyi waƙar opera, ya yi makarantar soja, idan ya buɗe baki sai ka ji isa. Infante kafinta ne daga jihar Sinaloa, muryarsa a sanyaye take, kamar yana tsokanarka.

Sani: To wa ya ci?

Binta: Infante mana. Wanda ake wa zambo yana dariya ya fi ƙarfinka.

Sani: Ban yarda ba, amma a bar shi. Me ya hana su sake haɗuwa?

Binta: Ajali. Negrete ya rasu a Disamban 1953 a Los Angeles, shekara ɗaya da 'yan makonni bayan ya auri jarumar fim María Félix. Infante kuma haɗarin jirgin sama ne a birnin Mérida na Meziko, 1957.

Sani: Allahu akbar. Saka mana wurin habaicin mu sake ji.