Kafin ka sayi mubarrid mai sanyaya man giya, fara sayen agogon zafin giya

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Yau muna sana'iyya, wato unguwar makanikai, a nan Jidda, kuma maganar ta masu wanet ce, wato motar a-kori-kura, waɗanda ke jan tirela da giyar atomatik.

Ku duba kofunan nan biyu. Na dama sabon man giya ne, ja garau, kana hango ƙasan kofin. Na hagu kuwa ya koma kamar shayin da ya kwana a buta, ga ƙauri kamar an babbaka fata. Daga motar wani Alhaji na tsiyayo shi. Raguna yake ɗauka a tirela daga Jidda zuwa Ɗa'ifa. Ya ce mini, "Malam, wallahi allurar zafi ba ta taɓa gusawa daga tsakiya ba." Gaskiya ya faɗa. Amma allurar nan zafin ruwan injin take nunawa, babu ruwanta da giya. Giyar tana can tana dahuwa, shi yana ganin lafiya lau.

Daga ina zafin yake zuwa? Tsakanin injin da giya akwai wani ƙarfe mai kumburi wanda makanikan nan ke kira baɗɗiha, wato kankana. Cike take da mai. Injin na juya ɓangare ɗaya, man ya ture ɗaya ɓangaren, mota ta tafi. Idan kana gudu a miƙaƙƙiyar hanya, akwai kulocin da ke kulle ɓangarorin biyu su zama ɗaya, zafi ya ragu. Da zarar ka fara hawa da kaya, ko ka shiga cunkoso, ko ka shiga yashi, kullen nan sakewa yake, man ya yi ta gugar kansa. Jidda a bakin teku take, Ɗa'ifa kuwa ta kusa mita 1,900 a sama. Ko ta hanyar Sail ka bi, wannan tsawon sai giyarka ta hau shi, a ƙasar da zafin rani ke wuce digiri 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba.

Man giya ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Ya taɓa 105 a kan hawa ya sauko, ba abin tashin hankali ba ne. Ya zauna a 120, to man ya fara ƙonewa, robobin da ke tare mai suna taurara, faifan kuloci na fara zamewa. Makanikai na da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa duk ƙarin kusan digiri 10 sama da ƙa'ida yana raba kwanan man gida biyu.

Shi ya sa nake roƙon kowa: kada ka fara da mubarrid. Fara da agogo. Wanda bai auna ba, a makance zai yi sayayya.

Hanya mafi sauƙi ita ce wannan 'yar na'urar. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16, OBD2 ake ce masa. Ka soka ta, ta haɗu da wayarka, ta karanto zafin daga kwamfutar motar. Ba huda, ba yankan tiyo. Sai dai ka sa mai shago ya gwada a motarka kafin ka biya, domin wasu zafin injin kawai suke nunawa, na giya sai an saka musu lambar da ta dace da motar.

Idan motarka tsohuwa ce, sai agogo mai nasa ma'aunin, kuma inda aka dasa ma'aunin shi ne komai. Ka sa shi a kaskon mai na ƙasan giya, zai ba ka zafin man da giya ke sha. Ka sa shi a bututun da ke fitowa daga giya, zai nuna maka mafi zafin man, ya hau da sauri ya sauka da sauri, har ya tsorata wanda bai sani ba. Inda ban yarda da shi ba sam shi ne bututun dawowa, bayan man ya riga ya huce. Wannan agogo daɗin baki kawai zai yi maka. Ni kasko na fi so, don lambobin da na ambata ɗazu da shi suka fi dacewa.

Wani abu kuma, masu GMC da Ford ku saurara. Agogunan da ake kawowa daga Amurka yawanci da Faranhait suke. Ka ga 200 kada gabanka ya faɗi, digiri 93 ke nan. 220 shi ne 104, 250 kuwa 121.

To ka ɗaura tirelarka da nauyin da ka saba, ka bi hanyar da ka saba da tsakar rana, ka ga abin da agogo zai ce. Idan motarka na da maɓallin Tow/Haul, wato na jan kaya, danna shi, ko ka sauke giya da hannunka don ta daina kai-komo a kan hawa. Wani da wannan kaɗai zafinsa zai sauka. Idan har yanzu yana zama sama da 105, lokacin mubarrid ya yi.

Mubarrid ɗan ƙaramin lagireto ne na man giya. Ga iri biyu a kan tebur. Wannan bututu ne guda ya lanƙwasa kamar maciji cikin siraran ƙarafa. Shi ya fi araha, shi ne kuma mafi rauni wajen sanyaya mai. Wannan kuwa faranti ne aka jera kan juna, man na bazuwa a cikinsu ya sha iska sosai. Ƙarami ne a ido amma ya fi wancan aiki, kuma ya fi jure tsakuwa. Don jan kaya a ƙasar nan, mai faranti nake ba da shawara. A jikin kwali ana rubuta nauyin da aka yi shi dominsa. Haɗa nauyin mota da tirela da kaya, ka ɗauki wanda ya haura haka. Na tashlih kuwa, wato inda ake sayar da kayan matattun motoci, ku bar shi. Idan giyar motar da aka ciro shi ta ƙone, garin ƙarfenta na maƙale a ciki, kuma giyarka zai tafi.

Wajen ɗaurawa, yawancin motocin nan man giyarsu na bi ta cikin lagireton injin. Kada a cire wannan hanya. Man ya fito daga giya, ya shiga lagireto, ya wuce mubarrid, sannan ya koma gida. A kafa shi a gaba, inda iska ke bugawa kai tsaye. Tiyon ya zama na man giya, ba na fetur ba, faɗinsa daidai da bututun motar, kuma kada ya lanƙwashe ko ya goga ƙarfe. Tiyo ɗaya ya suɓuce a kan hanya, cikin ɗan lokaci man ya tsiyaye.

Bayan an gama sai an ƙara mai, domin mubarrid ya sha nasa. Irin wanda littafin motar ya ce: WS ga yawancin Toyota na yanzu, Dexron VI ga GMC da yawa. Kada a gauraya. Bayan kowace guguwar ƙura kuma a wanke fuskarsa da ruwa marar ƙarfi. Kuma don Allah, mubarrid ba ya ƙara nauyin da kamfani ya ce motarka ta ja. Birki da ƙashin mota suna nan yadda suke.

Idan wata rana kana kan hawa ka ga agogo ya doshi 120, nemi wuri mai aminci ka tsaya, ka mai da giya P. Kada ka kashe injin. Bar shi yana aiki, famfon giya ya ci gaba da zagaya man ta cikin mubarrid, har allura ta sauko ƙasa da 100, sannan ka ɗauki hanya da ƙaramar giya.