Waƙa ce ta lalace, ko kunnenmu ne ya tsaya a ƙuruciya?

Umar: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Umar ne, tare da Malam Sani mai haɗa sauti a sutudiyo, da Yaya Binta mai koyar da nazarin kiɗa. Yau kan waƙoƙin da mutane suka tsana za mu tattauna, irin wadda tana farawa a rediyo hannu zai kai ga canza tasha. Malam, manya da yawa na cewa waƙar zamani ta mutu. Ka yarda?

Sani: Mutuwa kam ba ta mutu ba, amma an yi asarar wani abu, kuma abu ne da ake aunawa. Kowace waƙa tana da tazara tsakanin inda sauti ya kwanta da inda ya tashi. Faifan CD da ya fito a 1982 yana da rufi, sifilin desibel, wato ma'aunin ƙarar sauti. Ka haura shi, sauti ya fashe. To ta yaya za ka sa waƙarka ta fi ta wani ƙara alhali rufinku ɗaya? Sai ka sa limita ta aske kan kowane bugun ganga, sannan ka ɗaga sauran gaba ɗaya. Daga shekarun 1990 aka shiga wannan gasa gadan-gadan.

Umar: Me ke lalacewa in an yi haka?

Sani: Ganga ce ke fara tafiya. In ka bar desibel 12 zuwa 14 tsakanin ƙololuwar bugu da matsakaicin sauti, bugun zai fito da nauyinsa. Ka matse shi zuwa 6, sai baiti da amshi su zama ƙara ɗaya. Amshi ya zo, ba inda zai tashi ya je. Ga kuma kaifi: kunnen ɗan Adam ya fi jin sauti tsakanin haz 2,000 zuwa 5,000 a ma'aunin kaifin sauti, kuma nan ake ƙara wa murya ƙarfi don ta fito a lasifikar waya. Minti uku ba komai. Awa guda kuwa, mutum zai ji ya gaji bai san dalili ba, sai ya ce waƙar ce ba ta da daɗi.

Binta: Kuma abin da ya sa aka faɗa ciki, Malam, in aka kunna wa mutum abu ɗaya sau biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi zai ce ya fi kyau.

Sani: Ko da desibel ɗaya ne. Sai dai yanzu dabarar ta rage amfani, domin manhajoji irin su Spotify suna daidaita ƙarar waƙoƙi a wajen 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙara da ake kira LUFS. Ka kai taka tana 8 ƙasa da sifili, wato ta fi ƙara, za su sauke ta da desibel 6. Ƙarar da ka nema ta tafi, gangar da ka aske kuma ba ta dawowa.

Umar: Yaya Binta, bincike ya goyi bayan Malam ke nan?

Binta: Wani ɓangare. A 2012 masu bincike a Sifaniya sun bi ta kan waƙoƙi kusan rabin miliyan, daga 1955 zuwa 2010, da kwamfuta. Sun samu ƙara ta ƙaru, launin sautin kayan kiɗa ya ƙara kama da juna, hanyoyin da ake bi daga wannan sauti zuwa wancan sun ragu. Amma a 2015 wasu a Landan suka ɗauki waƙoƙi kimanin 17,000 da suka shiga jerin Billboard na Amurka daga 1960 zuwa 2010, ba su ga gangara a miƙe ba. Sun ga manyan sauye-sauye uku, a wajen 1964 da 1983 da 1991, na ƙarshen shi ne shigowar rap. Lokacin da waƙoƙi suka fi kama da juna kuwa tsakiyar shekarun 1980 ne.

Umar: Ikon Allah. Ai shekarun da ake yabo ke nan.

Sani: Ni ban yi mamaki ba. Lokacin ne injin ganga ya cika sutudiyo, kuma fiyanon lantarki Yamaha DX7 ya fito a 1983. Tsara sabon sauti a kansa wahala gare shi, sai kowa ya riƙa amfani da waɗanda kamfani ya zuba a ciki. Fiyano iri ɗaya a faifai ɗari.

Umar: To maganar gajarta fa? Yanzu waƙa ba ta da shimfiɗa, tana farawa sai murya.

Binta: Wannan gaskiya ne, kuma kuɗi ne sila. Spotify ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30. Wanda ya tsallake a daƙiƙa 20, mawaƙi bai samu komai ba. Wani bincike na Jami'ar Jihar Ohio a 2017 ya nuna shimfiɗar kiɗa kafin murya ta sauko daga sama da daƙiƙa 20 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan 5 a 2015. Shi ya sa ake jawo amshi gaba. Amma ƙanena, kada mu ɗauka a da mawaƙi sakaka yake. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, na inci goma, kusan minti uku yake ɗauka a gefe ɗaya. Tsawon da muke ɗauka shi ne na asali, faifai ne ya yanka shi.

Umar: Sai Auto-Tune, wanda ya fi shan zagi.

Sani: A 1997 ya fito, kuma wanda ya ƙirƙira shi, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin girgizar sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman mai. Aikin manhajar shi ne ta ja murya zuwa sauti mafi kusa a ma'aunin da ka zaɓa. Komai yana ga saurin jan. Ka sa shi a hankali, ba wanda zai gane an taɓa. Ka sa shi a sifili, murya ta riƙa tsalle daga sauti zuwa sauti kamar ta inji, salon da ya shahara daga 1998. Kuskure biyu nake yawan ji. Na farko a zaɓi ma'aunin da ba na waƙar ba, sai manhajar ta riƙa jan murya zuwa inda bai dace ba. Na biyun ya fi ciwo: a goge lanƙwasar murya. Gwanin mawaƙi yakan shigo sauti daga ƙasa ya hau, ko ya karkaɗa shi a ƙarshe, kuma a nan tausayi yake. Haka ma ganga, in ka ɗaure kowane bugu daidai kan layin kwamfuta, ɗan jinkirin da ke sa jiki motsi ya ɓace. Wannan asara ce, ba zan ɓoye ba.

Binta: Na yarda. Sai dai tsana ba daga nan kawai take zuwa ba. Ka lura, waƙar da aka fi tsana ba ta zama wadda ba a sani ba, kullum wadda ta yi tashe ce. Tun 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna yawan cin karo da abu na sa a so shi. Amma son yana hawa ne ya kai wani matsayi, sannan ya juyo. Waƙa mai sauƙi, kod huɗu, wato haɗin sautukan da ake bugawa tare, suna zagaye, amshi mai kalma biyar, tana kai ƙololuwa da wuri. A ji na uku ka haddace, a ji na talatin ba sauran abin da za ka gano a ciki. In kuma ba kai ka kunna ba, a ko'ina ana ɗura maka, sai gundura ta koma haushi.

Umar: Amma in ba ta da kyau, me ya kai ta sama tun farko?

Binta: A 2006 an wallafa wani gwaji da aka yi a Jami'ar Columbia da mutum sama da 14,000 da waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Aka raba mutanen rukuni-rukuni, wasu suna ganin sau nawa aka sauke kowace waƙa a rukuninsu. Waƙa ɗaya sai ta yi sama a nan, ta tsaya tsakiya a can. Mafi kyau ba su cika faɗuwa ƙasa ba, mafi muni ba su cika hawa ba, amma na tsakiya duk wadda ta fara samun jama'a ita ke tafiya. Saboda haka wanda ya ce wata shahararriyar waƙa ba ta kai matsayinta ba, yana iya yin gaskiya. Inda yake kuskure shi ne zaton a da ba haka ake ba.

Sani: Ɗauki 1969, shekarar babban taron kiɗa na Woodstock a Amurka da ake ta ambato. Waƙar da ta zo ta ɗaya a jerin Billboard na ƙarshen shekarar, ta wata ƙungiya ce ta zanen katun a talabijin, mawaƙan haya suka rera a sutudiyo.

Binta: To ka gani. Lokaci ya tace na da, ya bar mana ashirin ko talatin a shekara, mu kuma muna gwada su da duk tarkacen bana, a zamanin da ake ɗora waƙoƙi sama da 100,000 a manhajoji kowace rana. Ga kuma shekaru. Wani nazarin bayanan Spotify a 2018 ya nuna waƙoƙin da suka fito mutum yana da shekara 13 ko 14 su ne suka fi zama masa har girma. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Kukan ma tsoho ne: an zargi jaz da lalata tarbiyya a shekarun 1920, masanin falsafa Theodor Adorno ya rubuta a 1941 cewa waƙoƙin yayi duk ƙira ɗaya ce, a 1979 kuma aka tarwatsa tarin faifan disko a filin wasa a Chicago.

Umar: Mai sauraro da ke son ya gwada da kansa, yaya zai yi?

Binta: Ya zaɓi shekarar da yake ganin ta fi, ya nemo jerin mako guda nata, daga ta ɗaya zuwa ta arba'in. Na mako nake nufi, ba tarin zaɓaɓɓu ba. Ya ji su duka ba tsallake, yana rubuta nawa zai so ya sake ji. Sannan ya yi haka da jerin wannan makon. Kowace sabuwa ya ba ta ji uku a ranaku dabam-dabam, domin tsofaffin sun riga sun samu ɗaruruwa.

Sani: Ya kuma daidaita ƙara kafin ya yanke hukunci, in ba haka ba gwajin ya ɓaci. Ya kunna daidaita ƙara a saitin manhajar, ya sa abin kunne mai kyau maimakon lasifikar waya, wadda ba ta fitar da kaurin sauti. Sai ya kasa kunne ga abu biyu: in amshi ya shigo, waƙar tana tashi ko tana nan yadda take? Muryar kuma, tana lanƙwasa tsakanin sautuka ko tsalle take yi?

Umar: Malam, in an yi gwajin, wane ɓangare kake ganin zai ci?

Sani: A numfashin ganga da na murya, tsofaffin za su fi yawan ci. A tsabtar sauti da kaurinsa, na yanzu. A yawan waɗanda mutum zai ce a kashe masa, ina ganin kunnen doki za a yi.

Umar: Duk wanda ya gwada ya aiko mana da shekarar da ya zaɓa da adadin da ya samu a kowane jeri, za mu karanta a shiri na gaba. Malam Sani, Yaya Binta, mun gode. Sai mun sake haɗuwa.